Kalangu a Lasifikar Unguwar Dabo

Gwarzo,
14 ga Maris, 2001

Zuwa ga 'yata Badi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mudassir da 'yar jikata Ummi. Yaya sanyin Jamus, yaya aiki, yaya kuma aka ji da hidimar Sallah a ƙasar da ba a jin ƙaurin layya? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarki Uwaliya tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi har tana zuwa unguwa. Zafi ya fara, man fetur kuwa sai a jarka.

Abin da ya sa na ɗauki biro ba mai daɗi ba ne. Kin san tun da aka ƙaddamar da Shari'a na daina ba da hayar lasifika a gidajen biki. Ban yi jayayya da kowa ba, na zuba kaset-kaset ɗina a buhu na ɗaure. Ban da gyaran rediyo, sai na koma haɗa wa masallatai amfilifaya, kuma Alhamdu lillahi ana samun na tuwo. Cikin waɗanda na haɗa har da na masallacin Juma'ar Unguwar Dabo, can wajen Dugabau.

Juma'ar da ta wuce liman yana tsakiyar huɗuba, yana maganar tsayuwar ƙiyama, sai kalangu ya fito ta lasifika. Da farko can ƙasa-ƙasa, kamar ana biki a bayan gari. Ladan ya murɗa don ya ƙara wa liman murya, kalangun ya ƙaru tare da shi, har da mace tana guɗa. Wani a sahun baya ya kasa riƙe dariya, aka fitar da shi.

Ran Asabar aka aiko in je gaban Dagaci. Malam Tasi'u, sakataren kwamitin masallacin, ya miƙe ya ce rediyo na ɓoye a cikin injin, don in huce haushin hana ni bukukuwa. Na kwance injin a gabansu, babu rediyo. Ya ce ai wanda ya iya ɓoyewa ba zai ɓoye a inda za a gani ba. Yanzu injin yana kulle a gidan Dagaci, liman kuma ya koma huɗuba da maƙogwaronsa.

Badi'a, kin san ni. Na so kiɗa a zamanina, ban musa ba, amma ban taɓa wasa da ɗakin Allah ba. Kin taɓa gaya mini aikinki a can shi ne yi wa na'urori shari'a kafin a sake su kasuwa. To ga ƙara na kawo miki. Na zana yadda na haɗa injin a bayan takardar nan, ki duba ki gaya mini ta ina kalangu ya shiga. Tun da na girka shi ba wanda ya kawo kuka, sai ladan da yake cewa in an tayar da janareta makirufo yana ɗan cizonsa a leɓe. Wannan tsohon zance ne, ya saba.

Kawunki,
Haladu mai rediyo

Nurnberg,
2 ga Afrilu, 2001

Kawu,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da jin lafiyarku, musamman ƙafar Inna. Mu ma lafiya. Ummi ta fara tafiya, kuma ta fi son bin wayoyin gida a kan kayan wasanta, ban san wa ta gado ba. Layya mun yi ta a kanti. An miƙo mana rago a leda, yankakke, daskararre, da lamba a cinyarsa. Mudassir ya ce bai taɓa cin ragon da ya fi shi takardu ba.

Na karanta masa labarin kalangu, ya yi dariya har ya ƙware. Ni na tsare gida, saboda ni ce 'yar wanda ake tuhuma. Amma Kawu, ina taya ka murna. Shekara talatin kana gyara rediyon mutane, yau ga shi ka haɗa naka, har ya kamo Kano daga Dugabau ba tare da ka saya masa eriya ba. Da ɗakin gwajinmu aka kawo injin nan, da kafin azahar ya faɗi jarrabawa. Takarda ta ƙare, juya baya.

Yanzu maganar gaskiya. Ba wanda ya ɓoye komai, kuma abin da ya faru a Unguwar Dabo shi nake gani kowane mako a wurin aiki. Muna da wani ɗaki mai bangon ƙarfe, an lulluɓe cikinsa da soso mai tsini, kamar ƙananan dalar gyaɗa dubu an manna su a bango da rufi. In an rufe ƙofa, ba tashar rediyon da ke shiga. Nan muke ajiye na'ura mu yi mata tambaya biyu. Ta farko, tana damun maƙwabtanta? Ta biyu, in maƙwabta na surutu, tana iya toshe kunnenta ta yi aikinta? Wadda ta ci ake buga mata hatimi ta tafi kasuwa. Wadda ta faɗi ta koma gidan ubanta, ko da kamfanin ya kai girman Kano. Injinka tambaya ta biyu ya faɗi. Ya ji gidan rediyo na magana, ya kasa kama bakinsa.

Irin wannan kusan kullum ta waya yake shiga. Duk wayar da ta yi tsawo, kuma ba ta da rigar nan ta saƙa da ke kare ta, eriya ce, ko mai ita ya sani ko bai sani ba. Don haka ka gaya mini: wayar makirufo yadi nawa ce, wace iri ce, kuma ta ina ta bi?

Abin da ya hana ni dariya shi ne leɓen ladan. Na duba zanenka sau uku ban ga wayar ƙasa ba, wadda ke zubar da wutar da ta kauce hanya cikin ƙasa. Jikin injin ƙarfe ne, makirufo ƙarfe ne, ladan kuma yakan zo da ɗanyar alwala, ba takalmi. Kalangu ba ya kisa, Kawu. Wannan yana yi. Ba a sabawa da shi.

Ka gaishe mini da Inna da kyau.

'Yarka,
Badi'a

Gwarzo,
27 ga Afrilu, 2001

Badi'a,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Wasiƙarki ta iso.

Akwai abin da ban gaya miki ba a waccan takardar, kuma laifina ne. Na roƙi Dagaci ya dakata da maganar har amsarki ta zo. Na ce ina da 'ya a Turai wadda aikinta ke nan, duk abin da ta faɗa na yarda. Da na karɓo wasiƙar a gidan waya ban buɗe ta ba, don kada a ce na canza wani abu. Na kai ta zauren Dagaci a liƙe, na sa kowa ya ga kan sarkin da ke jiki, sannan na miƙa wa Malam Tasi'u ya karanta, tun da shi ne sakatare.

Ya karanta maganar rago, aka yi murmushi. Ya karanta cewa mijinki ya yi dariya har ya ƙware, murmushin ya ɗauke. Da ya zo inda kika taya ni murnar haɗa rediyo, sai ya maimaita wurin sau biyu, ya ninke takardar, ya ce, "To jama'a, ga 'yarsa ma ta faɗa." Na ce akwai baya. Ya ce shaida ta isa. Zaure ya ɗauki hayaniya, ba wanda ya ƙara jin muryata.

Dagaci mutumin kirki ne. Ya ba ni zuwa Juma'ar ƙarshe ta watan Mayu in kawo hujja, in ba haka ba zai miƙa maganar ga alƙali a Kabo. Labari ya riga ni isowa Gwarzo. Mutane suna zuwa shago suna karɓe rediyonsu ba a gyara ba, wani ma a kwance na ba shi, da kusoshinsa a takarda. Innarki ta je suna, mata suka yi ta matsawa har ta samu tabarma guda ita kaɗai. Ta dawo ta ce ba ta taɓa zama a wadace haka ba, sannan ta shiga ɗaki.

Ban ga laifinki ba. Ni na koya miki tsokana, ban koya miki ranar da ba a yin ta ba.

A gida na karanta bayan takardar. Wayar da na sa yadi biyar ce, mai riga. Amma da na ga tambayarki sai na hau keke na je na leƙa masallacin tsakanin azahar da la'asar. An yi wa wayata jone da ja-da-baƙi, irin ta ƙwan fitila, ta bi ƙarƙashin kwano har rumfar waje. Na auna da taku, za ta yi yadi arba'in. Tun da aka fara Shari'a jama'a ta yi wa masallacin yawa, shi ne daga Sallah suka fito da liman rumfa. Na kuma tuna kafin Sallah Malam Tasi'u ya tambaye ni kuɗin waya mai riga, ya ce ta yi tsada a wannan marra.

Ba na so in kama sunansa. Mai iyali ne, kuma nufinsa na waje su ji huɗuba. Ban ma tabbata ya san abin da wayarsa ta yi ba. In kina da dabarar da za ta wanke ni ba tare da ta tsiraita wani ba, ki aiko. In babu, ki yi mini addu'a.

Haladu

Nurnberg,
15 ga Mayu, 2001

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya Inna. Gaisuwar a gajarce take, saboda jiya wasiƙarka ta zo, kuma jibi wani Bakano mai sayen tsofaffin motoci zai tashi. Ya yi alkawarin kai maka wannan har shago. In na bi ta gidan waya, alƙali zai riga ni.

Ka yafe mini. Na rubuta maka kamar muna zaune a bencin shago, ashe a zaure nake magana. Tun jiya tabarmar Inna nake gani. Ka ce mata ta ajiye mini faɗan da ya kamace ni, zan zo in karɓa.

A cikin kwalin akwai abu huɗu. Akwai waya mai riga yadi hamsin, ragowar wadda aka cire daga ɗakin gwaji, shugabana ya ce in ɗauka. Akwai zobba biyu na baƙin ƙarfe, dangin sandar nan da ke cikin rediyo, za ka naɗa wayar a jikinsu dab da inda take shiga inji. Akwai ƙaramin kwandensa mai tace hayaniya, na zana maka inda za ka liƙa shi. Sai wasiƙa ta musamman zuwa ga Dagaci, shafi ɗaya, ba tsokana ko ƙwaya. Mudassir ya duba ta sau biyu, ya ce ko a jana'iza za a iya karanta ta.

Amma kada ka dogara da takarda, mun ga abin da takarda ta yi. Ka roƙi Dagaci a yi gwaji a idon jama'a, a masallacin, lokacin da gidan rediyo ke aiki. Ka nemi wani amfilifaya wanda ba kai ka haɗa ba, ɗan kanti, kuma kada ka taɓa shi da hannunka. Su jona shi da doguwar wayarsu, su murɗa murya. Bayan an ji abin da aka ji, a cire ja-da-baƙin kawai, a bar yadi biyar ɗinka, kada a taɓa komai ban da wannan. Sannan a ɗauko naka injin a yi masa yadda aka yi wa wancan. Abu ɗaya za a riƙa canzawa kowane karo. Kai kuma ka naɗe hannu ka yi shiru. Waya ba ta da iyali, a bar ta ta ɗauki laifin.

Maganar wayar ƙasa kuwa ban janye ba. Rami kamu uku, sandar tagulla, gawayi da gishiri, waya mai kauri zuwa jikin inji. Ka fi ni sanin yadda ake yi. Ko sun wanke ka ko ba su wanke ka ba, kada injin nan ya koma hannun ladan haka. Ba sai ka gaya wa kowa dalili ba, ka ce gyara ne.

Allah ya fid da kai.

Badi'a

Gwarzo,
28 ga Mayu, 2001

Zuwa ga 'yata, Injiniya Badi'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da ta Innarki, da ta maƙwabta waɗanda suka dawo da gaishe mu. Yaya Mudassir, yaya Ummi mai bin waya? An yi ruwan fari ran Talata, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fita shuka. Mai motoci ya cika alkawari, Allah ya saka masa.

An yi gwajin ran Alhamis bayan la'asar. Ban ma sha wahalar neman inji ba, don kwamiti sun riga sun sayo sabo daga Kano, yana cikin kwalinsa, suna jiran a gama da ni su kafa shi. Malam Tasi'u da kansa ya yanke igiyar kwalin. Ya nuna wa jama'a rubutun da ke jiki, ya ce wannan na kamfani ne, ba haɗin bakin tasha ba. Ya jona doguwar wayar, ladan ya yi gyaran murya, aka murɗa.

Badi'a, kalangu ne. Kamar dai makaɗan suna jiranmu. Kuma da yake sabon ya fi nawa ƙarfi, har matan da ke bakin rijiya sai da suka waiwayo. Ba wanda ya yi dariya, kowa ya zuba wa tabarma ido. Dagaci ya bari aka ɗan sha kiɗa, sannan ya ce, "Malam Tasi'u, wannan kuma wa ya hana shi zuwa biki?"

Aka cire ja-da-baƙin aka bar yadi biyar, tsit, sai numfashin ladan. Aka mayar, kalangu ya dawo. Aka ɗauko nawa daga gidan Dagaci, da doguwa ya yi kiɗa, da gajera ya yi shiru. Wani tsoho ya ce a sake, don bai yarda da abin da aka yi sau ɗaya ba. Aka sake har sau uku. Daga nan na sa wayarki da zobban da kwandensa, muka ja makirufo har rumfa, liman ya karanta Fatiha, ba a ji komai ba sai Fatiha.

Sai Dagaci ya tambaya wa ya ƙara wayar. Na ga Malam Tasi'u yana neman inda zai ajiye hannunsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, jama'a ce ta ƙara ta. Da ba su yi yawa ba, da ba a fito da liman waje ba." Dagaci ya dube ni, ya dube shi, ya ce to Allah ya ƙara yawan jama'a. Aka ce amin.

A nan na saɓa miki. Kin ce in yi wayar ƙasa in kira ta gyara. Na kasa. An tara mutane a kan laifin da ban yi ba, sai na ga bai dace su watse ba su ji wanda na yi ba. Na ce injina ba shi da wayar ƙasa, ganganci ne na yi don in rage wa kaina aiki, kuma zai iya kashe ladan. Na nemi gafararsa a gaban kowa. Ladan ya shafa leɓensa ya ce, "Ashe wuta ce. Ni duk shekarar nan na ɗauka tunatarwa ake yi mini."

Ran Juma'a liman ya yi huɗuba a kan zato, ta lasifika da sabon injin, ba ganga. Ran Asabar na je haƙa ramin, na tarar Malam Tasi'u ya riga ni, ya tuɓe babbar riga ya kai kamu biyu. Ya yi mini sannu da zuwa. Na amsa. Shi ya zuba gawayi, ni na zuba gishiri. Da zan tafi ya ɗaura mini rediyonsa a bayan keke, ya ce tana shaƙewa. Na duba ta a shago, lafiyarta ƙalau.

Yanzu Dagaci ya ce ba za a ƙara kafa lasifika a ƙasarsa ba sai na gwada ta yadda aka yi ran Alhamis, na rubuta tsawon waya da batun wayar ƙasa, shi kuma ya buga hatiminsa. Na kuma bi sauran masallatai shida da na yi wa aiki, huɗu suna jiran rami.

Ban san da bakin da zan gode miki ba. Innarki ta ce faɗan ya lalace a ajiye, sai dai ki zo ki ci dambu. Amma ki gaya mini tsakani da Allah: yanzu injina zai ci jarrabawarku?

Kawunki mai godiya,
Haladu

Nurnberg,
19 ga Yuni, 2001

Kawu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da ruwa, barka da arziki. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin waya, na sake karanta ta a zaune. Ina gaida Inna, ina gaida ladan da leɓensa. Ashe yanzu ƙasar Dugabau ta samu hukumar gwajin na'urori, ma'aikaci ɗaya da keke ɗaya. Tamu tana da mutum tamanin, kuma ba ta taɓa gama shari'a tsakanin la'asar da magariba ba.

Ka tambaya tsakani da Allah, to a'a, injinka ba zai ci ba tukuna. Akwai sauran tambayoyi wajen goma sha biyu da ba mu yi masa ba, zan riƙa aiko maka da su ɗaya-ɗaya. Amma na ba shugabana labarin ran Alhamis. Ya ce a shekara ashirin da ya yi yana wannan aiki, masu ƙera kaya biyu kawai ya gani sun faɗi aibin kayansu ba a tambaye su ba. Na ce ya gyara lissafinsa, sun zama uku.

Godiyar kuma ka mayar da ita inda ta fito. Dabarar gwajin ba ta Jamusawa ba ce. Shekarar da Baba ya rasu ka ɗauko ni, ina zaune a bencinka, na canza wa wata rediyo batir da lasifika lokaci ɗaya, ta yi magana, na yi ta murna. Ka sa na mayar da tsofaffin. Ka ce wanda ya taɓa abu biyu bai san wanne ne ya yi magani ba. Na yi kuka ranar. Da wannan maganar na ci jarrabawar shiga aikin nan, kuma da ita nake cin abinci har yau. Ni kawai na sa ta a kwali na mayar maka.

Wannan wasiƙar kana iya kai ta zaure a liƙe. Na duba gabanta, na duba bayanta.

'Yarka,
Badi'a